Jawabi a kan karayar hannu da ta ɗoru a karkace



Abin da ya sa munka roƙi magana, mu malaman lakkol, shi ne abin da muke gani cikin aji. Yaro ya faɗo daga amalanke ko jaki ya harbe shi, a ɗora hannun, ya warke. Sai ya komo, mu ba shi alƙalami, ya kasa riƙewa, don in ya dunƙula hannu wani yatsa hawa yake bisa ɗan uwanshi. Wanda bai riƙe alƙalami ba, yaya za shi yi da hauya?

Ba mu zo mu ɓata maɗora ba, mun san hannuwan da sunka gyara a garin nan. Amma hannu ba ƙwauri ba ne. Ƙasusuwa 27 ke cikinshi: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Ƙanana ne, suna saurin kamawa, cikin sati 3 zuwa 6 sun haɗe. Yadda anka aje su, haka za su zauna.

Karkata iri biyu ce. Akwai ƙashin da ya lanƙwashe, akwai wanda ya murɗe. Lanƙwasa kaɗan, musamman ƙarƙashin ƙaramin yatsa, sau da yawa ba ta hana aiki, kuma ga yaro girma na iya miƙe ta. Murɗiya kuwa girma bai gyara ta. Ga gwajin, kowa shi yi yanzu: ku lanƙwasa yatsunku huɗu cikin tafi. Kun ga duk sun nufi gindin babban yatsa, babu mai hawan wani? In ɗaya ya ƙetare, ƙashi ya murɗe.

In an gane haka cikin kwanakin farko, dokotoro na iya ja shi daidaita shi ɗaure, galibi ba tare da wuƙa ba. In ƙashi ya riga ya haɗe, sai aiki. Za a ɗauki hoton ƙashi, wanda muke ce ma radiyo, a kashe hannun da allura ko a sa mutum barci, a yanke ƙashin, a juyo shi daidai, a kafe shi da siraran ƙarafa kamar tsinke, ko da ɗan faranti da ƙusoshi. Tsinkayen ana zare su bayan kamar sati 4 zuwa 6. Wani dokotoro na Jamus, Kirschner, shi ya fito da su a 1909.

Kada wani shi ce daga an yi aiki an gama. Jijiyoyin da ke jan yatsu na iya mannewa ga tabon, yatsa shi sandare. Dole a riƙa motsa shi kullum yadda anka nuna, ko da zafi, wata da watanni. Nan ne mutane ke gajiya.

Wannan aiki ba na ƙaramar likitar ƙauye ba ne, sai manyan likitoci inda ke da masu aikin ƙashi, kamar Yamai, kuma majo ne zai ba da takardar zuwa. Kuɗin mota da na abincin ɗan jinya su ke tsaida iyaye. Shi ya sa muke roƙon shugaban ƙungiya shi sa maganar cikin taron asusu mai zuwa. Yara biyu gare mu yanzu da muke so a duba kafin damina.