Majigi a Ruga da Bakin Kasuwa: A Gyara Hoton Kafin Jama'a Su Taru

Iyayena makiyaya, da ku 'yan kasuwa masu bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, da ta Ƙonni zuwa Illela. Yau zancen majigi za mu yi, na'urar nan mai haska hoto a bango. Dattawa sun san shi tun zamanin Turawa, lokacin da mota ke shigowa gari a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Yanzu ya ƙanƙance har ana goya shi a babur, kuma ƙungiyoyinku na amfani da shi wajen taron rigakafi ko bayanin takardun duwan da na kwastan.

Bari in fara da kunyar da na sha. Kwanakin baya na bi wani malamin dabbobi zuwa wata ruga, zai nuna yadda ake bambanta kwalbar magani mai kyau da ta jabu. Ni aka ba aikin kafa majigin. Na ɗaure zanen gado tsakanin itatuwa biyu, na ajiye na'urar a bayansa don kada yara su tare haske. Dabara ce mai kyau, amma da hoton ya fito sai rubutun ya juye kamar a madubi. Arɗo ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan boko ne ko ajami?" Aka yi ta dariya, ni kuwa gumi. Kafin in gano bakin zaren rabin mutane sun tashi, ba su ga inda ake duba ranar lalacewar magani ba, alhali abin da ya tara mu ke nan. Ashe a cikin jerin saiti akwai wurin da ake gaya wa na'urar daga baya take haskawa, ita da kanta ta mayar da hoton daidai.

To, ga abin da na koya. Ka fara da tazara. Galibin majigin da ake samu a kasuwa, in kana son hoto mai faɗin mita 2, sai ka ja baya kamar mita 3. Kada kwaɗayin babban hoto ya ja ka, domin in ka ninka tazarar, hasken nan ɗaya zai bazu a fili ninki huɗu, hoton ya dushe. Gara ƙarami mai kaifi, jama'a su matso. Kuma a jira bayan magariba, ko a shiga zaure a rufe tagogi; ƙaramin majigi ba ya ja da rana.

Sai kaifin hoto. Akwai zobe a bakin gilashin da ake murzawa. Kada ka gwada da fuskar mutum, fuska tana yaudara. Sa rubutu ƙanana, ka murza har su fito rangaɗaɗau, sannan ka tura yaro can ƙarshen taro ya karanto maka. Ku 'yan kasuwa, in ana nuna farashin canjin naira da sefa, 3 da 8 kusan abu ɗaya ne a hoto mai hazo, kun kuwa san abin da hakan ke haifarwa.

Wata matsalar ita ce ka ɗaga gaban na'urar da dutse, sai hoton ya yi faɗi a sama, ya tsuke a ƙasa kamar bokiti. Akwai maɓallin da ke gyara wannan, amma matse hoton yake yi, kaifin ya ragu kaɗan. Ni dai a ganina gara ka nemi tebur ko ganga ka ɗora na'urar ta fuskanci ƙyallen sosai, maɓallin ya zama na ƙarasawa kawai. In kuma ka ga saniya ta yi tsawo kamar kwalekwale, siffar hoton ce ba ta dace ba. Sauya tsakanin 4:3 da 16:9.

Maɓallai biyu ne na fi so, kuma su aka fi mantawa da su. Ɗaya yana daskarar da hoto wuri guda. Idan malamin dabbobi ya kai kan gyambon baki ko na kofato, a tsayar nan, kowa ya ƙare masa kallo, a yi tambaya. Ɗayan yana baƙanta bangon gaba ɗaya ba tare da an kashe na'urar ba. Idan dattijo ya miƙe zai yi magana, danna shi, idanu su koma kansa. Ladabi ne, kuma ya fi ka kashe ka sake kunnawa.

Wuta fa? Majigi mai kwan fitila yana jan wat 200 zuwa 300, mai LED ƙarami bai kai haka ba, shi ya fi dacewa da batirin sola. In janareta ne, bar shi ya daidaita kafin ka jona. Idan an gama kada ka fizge waya, kashe da maɓalli ka jira fankar ciki ta yi shiru, domin kwan yana da zafi ƙwarai kuma yana da tsada. Ga hunturu na tafe da ƙurarsa: ka riƙa cire matatar iskar kana kakkaɓewa, gilashin kuma a goge shi da ƙyalle mai laushi, ba da bakin rawani ba.