Ƙofar Gilashin Banɗakin Hajiya: Laifin Wa Ne In Ta Fashe A Hanya?

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, maganar gilashi ce. Na san wani zai ce, yau kuma me ya haɗa mu da gilashi? Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Kwanakin baya muka yi wa Hajiyarmu gyaran banɗaki a nan Kano. Aka canza tayil, muka ce a sa ƙofar gilashi a wajen shawa don ruwa ya daina malalowa tsakar banɗakin, kada santsi ya kayar da ita. Ranar ɗauko ƙofar, ni da kaina na ce a rage kuɗin mota. Aka kwantar da ita a bayan akori-kura, yaron shago ya zauna a gefe yana dafe da ita. Allah ya sa muka iso lafiya. Wajen shiga da ita ne yaron ya gaji, ya ɗan dire kusurwarta a kan tayil. Wallahi ƙara ɗaya muka ji, tas! Ƙofa ta zama tsakuwa. Yaro sanye da silifas, hannu ba safa, duk ya yayyanke. Abin da ya fi ƙona min rai, kafin a tambayi lafiyarsa, maigidansa ya fara lissafin abin da zai cire daga kuɗinsa.

Daga baya na zauna da masu sana'ar, suka fahimtar da ni. Irin wannan gilashin gasa shi ake yi a zafin da ya haura digiri 600, sannan a sanyaya shi da iska nan take. Shi ya sa ya ninka gilashin taga ƙarfi kamar sau 4 zuwa 5. Amma ƙarfin a fuskarsa yake. Rauninsa yana baki da kusurwa. Ka ɗan buga gefen a siminti ko ƙarfe, gabaɗayansa zai tarwatse. Kuma in an gasa shi, an gama: ba a yanka shi, ba a huda shi. Kenan in ya fashe, ko awo ya kuskure, sai dai a yi sabo, ka sake biya, ka sake jira.

Sai nauyi. Kowane murabba'in mita na gilashi mai kaurin milimita 1 yana da kilo 2 da rabi. Ƙofa mai kaurin milimita 8, faɗi santimita 70, tsawo 190, ta kai wajen kilo 27. In milimita 10 ce, ta haura kilo 33. Fiye da rabin buhun siminti kenan, ga santsi, ga babu wajen riƙo. Shi muka ɗora wa yaro ɗaya.

To yaya ya kamata a yi?

Na farko, gilashi a tsaye ake ɗaukarsa, a kan dogon gefensa, a ɗan jingine shi kaɗan. In ka kwantar da shi, duk ramin da mota ta faɗa tsakiyarsa ce ke lanƙwasa. Kun dai san hanyoyinmu.

Na biyu, kada bakinsa ya taɓa ƙarfen mota, siminti ko tayil. A shimfiɗa katako, a ɗora soso ko tsohon bargo a kai. Kusurwa huɗun nan a naɗe su da kwali mai kauri, kuma kada a cire sai an zo ɗaurawa.

Na uku, a ɗaure shi da bel mai faɗi a wuri biyu, a sa kwali a ƙarƙashin bel ɗin, kada a matse da ƙarfin tsiya. Mafi kyau a samu motar da ke da abin jingina gilashi na katako, wanda masu alminiyam ke amfani da shi. Mutum ba igiya ba ne. Kada a sa ɗan kowa ya zauna a baya yana riƙe da gilashi, balle a kan babur ko a Adaidaita Sahu rabinsa na leƙo waje. Birki ɗaya ya isa.

Na huɗu, mutum biyu ne za su ɗauka, da safar hannu mai roba da takalmi rufaffe. Kafin a sauke, a auna ƙofar gida da lungun da za a bi, a kwashe yara daga hanya, a tanadi katakon da za a dire shi a kai.

Na biyar, ku duba gefunan tun a shago. In akwai ɓantarewa ko ƙanƙanuwa ce, kada ku karɓa. Sannan ku yi magana a fili: wa ke da alhakin kaya har a ɗaura? A rubuta a rasit.

Ni dai na ce ba za a taɓa kuɗin yaron nan ba, don ni na zaɓi araha, kuma an ce araha ba ta ado. Muka raba asarar da maigidansa, na biya kuɗin magani.

'Yan uwana matasa, muna yawan kukan an danne mana haƙƙi. To ga ƙannenmu nan a shagunan gilashi da alminiyam, suna ɗaukar kaya mai hatsari hannu tsirara. In kai ne mai aikin, ka biya motar da ta dace. In kai ne maigida, safar hannu ba za ta karya ka ba. In kai ne yaron shago, ka ce a ƙaro maka mutum, ba ragwanci ba ne.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana gini ko gyaran gida. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu. Wassalamu alaikum.