Falasɗinu da Aljihun Malamin Firamare

Malam Shugaban reshe, iyayenmu malamai da suka ajiye aiki, 'yan'uwana malamai maza da mata na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

An nemi in yi magana a kan abin da malamin firamare zai iya yi wa mutanen Falasɗinu da ɗan abin da ke aljihunsa. Na san wani zai ce a ransa: mu da ke kwana da ido ɗaya, ina mu ina Gaza? Tambaya ce ta gaskiya, kuma da ita zan fara.

Zirin Gaza bai wuce kilomita 41 a tsawo ba, wato bai kai tazarar Kaura zuwa Gusau ba, amma mutum fiye da miliyan 2 ne a cikinsa. Da yaƙi ya ɓarke a Oktoba 2023, ɗalibai kimanin 625,000 suka daina zuwa aji, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta. Makarantun da ba a rushe ba suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Wa zai yi mana bayanin wannan? Mun ga Satumba 2021, lokacin da aka rufe makarantun jihar nan bayan sace ɗaliban Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Mun ga aji an jingine bencina, uwa ta kafa murhu a gindin allo. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. To haka ciwon malami yake, na malami ne.

Kuma ba yau ƙasar nan ta fara irin wannan tsayuwa ba. Iyayenmu da ke zaune a layin gaba shaida ne. A 1976 aka kafa asusun tallafa wa Kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa bayar da kashi 2 cikin 100 na albashinsu domin yaƙi da mulkin wariyar launin fata. A shekarar Nijeriya ta janye daga wasannin Olamfik na Montiriyal, a 1978 ta ƙi zuwa wasannin Kwamanwel, a 1979 ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP. Nelson Mandela ya fito daga kurkuku a Fabrairu 1990, kuma kafin shekarar ta ƙare ya zo nan ya yi godiya. Wannan Afirka ta Kudu ɗin ce ta kai ƙarar Isra'ila gaban Kotun Duniya a Disamba 2023. Abin lura a tarihin nan shi ne tsari. An san abin da aka ƙaurace wa, an san dalili, an san asusun da kuɗi ke shiga.

Tsarin nan ne muka rasa a yau. Kowannenmu ya ga jerin sunayen kamfanoni da ke yawo a WhatsApp, ba a san wanda ya rubuta ba, kullum sai ƙara tsawo yake yi. A ciki har da McDonald's da Starbucks, waɗanda ba su da shago ko ɗaya a Nijeriya, balle a Kasuwar Daji. Ƙaurace wa abin da ba ka taɓa saya ba ai azumin wanda ba shi da hatsi ne. Su Falasɗinawan da suka yi kiran ƙauracewa a Yuli 2005, ƙungiyoyi kimanin 170 da aka fi sani da BDS, ba haka suka tsara ba. Sukan ware kamfanoni kaɗan waɗanda aka tabbatar da hannunsu a mamayar, a dage a kansu shekara da shekaru. Da haka kamfanin Veolia na Faransa, wanda ke cikin aikin jirgin ƙasan birnin Ƙudus, ya sayar da harkokinsa na Isra'ila a 2015. A Turai ana ƙaurace wa dabinon da ake nomawa a matsugunan Kwarin Urdun. Mu namu dabinon daga Nijar da Aljeriya da Saudiyya da Jigawa yake zuwa, don haka a sha ruwa da shi hankali kwance.

Inda maganar ta taɓa mu sosai shi ne lemon kwalba. BDS ta sa Coca-Cola a jerinta, saboda kamfanin da ke riƙe da lasisinta a Isra'ila yana da cibiya a Atarot, cikin ƙasar da aka mamaye. Ni dai ra'ayina a bar shi, tunda Allah ya hore mana zoɓo da kunun aya da fura, kuma mai yin su maƙwabciyarmu ce. Sai dai a tuna wanda muke sha a nan cikin ƙasar ake ɗura shi, a wurare irin su Challawa ta Kano, kuma mai sayar da shi a bakin tasha wataƙila bashi ya ɗauko kiret biyun da ke gabansa. Lokacin da aka rufe kasuwar Shinkafi, wa ya fi jin jiki in ba mai ƙaramin tebur ba? Kada mu bar jaki mu doki taiki. Ba gori, ba kiran wani munafuki don an gan shi da kwalba. A faɗa wa mai shago tun da wuri cewa mun canza, ya san abin da zai saro. Malaman sira sun kawo labarin Sumamatu ɗan Usal, shugaban Yamama, wanda ya hana alkama zuwa Makka bayan ya musulunta. Da yunwa ta kama mutanen gari suka kai kuka Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya saki abincin. Ashe ko ƙauracewar da ke kan gaskiya tana da iyakar da ba ta tsallakewa.

Sai batun sadaka, kuma a nan ne ɓarna ta fi yawa. Hoton yaro mai jini a fuska, a ƙasansa lambar asusun banki da sunan mutum ɗaya: wannan ba hanya ba ce, ko da mai turowa aminin ka ne, domin shi ma turo masa aka yi. Akwai ƙofofin da aka sani. Akwai UNRWA, hukumar da aka kafa a 1949 domin 'yan gudun hijirar Falasɗinu, wadda kafin yaƙin take koyar da yara kusan 300,000 a Gaza. Akwai ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Falasɗinu. Akwai kuma ƙofar da ta fi kusa da mu, wadda da yawanmu ba mu lura da ita ba: uwar ƙungiyarmu ta NUT da ƙungiyar malaman Falasɗinu duk mambobi ne na Education International, tarayyar ƙungiyoyin malamai ta duniya. Kuɗin malami zai iya isa hannun malami ta wannan hanya, da rasit.

Saboda haka, Malam Shugaba, ga shawarata. Kuɗin lemon da muke saya a tarukanmu da walimar suna da ta ƙarin girma, a daina kashe shi, a zuba a asusu ɗaya na reshe. Wanda ya ga zai iya ƙara naira 500 a ƙarshen wata ya ƙara. Wanda bashin taki ko na asibiti ya sha masa kai, kada a kalle shi, albashinmu kowa ya san shi. Abin da aka tara a raba biyu. Rabi ya bi ta ofishin jiha zuwa uwar ƙungiya da sunan malaman Gaza. Rabi a sayi littattafan rubutu da fensir da takalma ga yaran da aka koro daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, waɗanda ke zaune a ƙasa a ajujuwanmu. Na san akwai masu ganin rabon ya rage wa Falasɗinu kasonta. Ni kuwa ina jin kunyar in tsallake yaron da ke ƙofar ajina ba takalmi in ce tausayi ne ya kai ni Gaza.

Ina roƙon a zaɓi mutum uku, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a cikinsu har da malama, su riƙe littafin shiga da fita, a riƙa karanta shi a kowane taro kuma a buga shi a wannan mujalla tamu. In taro ya amince, sakatare ya rubuta wa ofishin Gusau a cikin makon nan ya nemi bayanin yadda za a aika.

Allah ya kawo wa Falasɗinu da Zamfara sauƙi.