Bango Ma Yana da Baki



An nemi in yi magana a kan zanen titi, watau zanen da ake yi a fili, a jikin bango ko mota, inda kowa zai gani ba tare da ya biya ko anini ba. Wasu suna ɗauka baƙon abu ne daga Amurka. Amma tun kafin samarin birnin New York su fara fesa fenti a jikin jiragen ƙasa wajen 1970, maginan Hausa sun daɗe suna yi wa titi ado.

Ku dubi tsofaffin unguwannin Zariya da Kano da Damagaram. Magini yakan yaɓe fuskar zaure, tun ƙasar tana ɗanya ya fitar da dagi da sauran zayyana, ya tsayar da zankwaye a bisa, sa'an nan a shafe da makuba saboda ruwan sama. Da zamani ya juya, sai keke da mota da jirgin sama suka hau bango. Ta haka maigida yake sanar da mai wucewa matsayinsa, bango kuwa ya zama littafin da ko wanda bai shiga makaranta ba yake karantawa.

Da bulo da kwanon rufi suka shigo, sai ado ya sauka daga bango. Fasahar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Tana jikin manyan motocin da ke dakon shinkafa da albasa, inda za ka ga zaki ko dawisu, da karin magana a baya. Tana ƙofar shagon aski da na tela. Masu wannan aiki ba su da digiri, amma masu kallon aikinsu sun fi na kowane ɗakin nuni yawa.

To, mu a nan fa? Tun da Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha a 1991, ake ta tayar da katangu, amma yawancinsu ba su ɗauke da komai sai hotunan 'yan takara da rana ta kwashe wa launi. Alhali kuwa muna da abin faɗi: Kanta da ganuwar Surame, da masunta da homa da gora a bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016.

A ƙasar Meziko, daga 1923 zuwa 1928, gwamnati ta ba Diego Rivera bangayen Ma'aikatar Ilmi, ya zana manoma da ma'aikata da bukukuwan talakawa. Har yau ana zuwa kallo. Ku ne masu zama a ofisoshin Sakatariyar Gwadangaji, yau ko gobe. Idan takardar kwangilar gini ta zo gabanku, ku tanadi bango guda domin mai zane, da izini, da lada, da kiyaye addini da kunyar jama'a. Ku nemi tsofaffin magina tun suna da rai, ku haɗa su da yaran da ke fentin motoci. Ranar da gwani na ƙarshe ya kwanta dama ba almajiri, kuɗi ba za su dawo da hannunsa ba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.