Finafinan Elvis Presley: Nishaɗin da Gaggawa Ta Lalata

Na san akwai mai cewa a ransa, duk batutuwan da ke gabanmu, me ya kai mu ga finafinan wani mawaƙin Amurka da ya rasu tun 1977? Abin da ya kai mu shi ne, a rayuwarsa ana ganin ƙarara yadda kasuwa take ɗaga mai baiwa, ita ɗin dai kuma ta tatse shi.

An haifi Elvis Presley a garin Tupelo na jihar Misisipi a 1935. Ɗan talakawa ne, ya tashi yana jin waƙoƙin coci da kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka, daga nan kuma ya ɗebo salon da ya yi suna da shi. Tsakanin 1956 da 1969 ya fito a finafinai 31, kuma da farko da gaske ya shigo harkar, burinsa a san shi a matsayin ƙwararren ɗan wasa. Ku duba Jailhouse Rock na 1957, wurin da aka kafa dandali mai hawa biyu kamar gidan yari, fursunoni suka fito suna taka rawa tare, shi kuma ya sulalo ta jikin wani dogon ƙarfe ya diro tsakiyarsu. Babu launi a fim ɗin, amma har yau ido ba ya iya barin wurin. A 1958 ya yi King Creole a hannun Michael Curtiz, daraktan da ya yi Casablanca, ya fito a matsayin matashi mai zafin zuciya a birnin New Orleans. Wanda ya ga wannan ba zai ce yaron bai iya wasa ba.

Sai aikin soja ya ɗauke shi daga 1958 zuwa 1960, mafi yawansa a Jamus. Da ya dawo aka gwada hanya biyu. G.I. Blues, mai waƙoƙi da barkwanci, ya kawo kuɗi sosai. Flaming Star da Wild in the Country, masu labari mai nauyi, ba su kama ƙafarsa ba. Manajansa Kanar Tom Parker da furodusa Hal Wallis suka duba lissafi, suka yanke hukunci.

Blue Hawaii na 1961 shi ya kafa tsarin. Saurayi ya dawo daga soja, ya ƙi aiki a kamfanin abarba na mahaifinsa, ya zama mai zagayawa da 'yan yawon buɗe ido. Ga teku, ga 'yan mata, ga ɗan dambe a tsakiya, ga aure a ƙarshe. Faifan waƙoƙin fim ɗin ya yi mako 20 yana kan gaba a jerin Billboard. A nan nake so mu ɗan tsaya, domin masu sharhi da yawa suna raina wannan fim, ni kuwa ban yarda da su ba. Akwai wurin da ya kai wa kakar budurwarsa kyautar ɗan akwatin kiɗa ranar bikin haihuwarta. Aka buɗe akwatin, sautin ya fara fita a hankali, shi kuma ya bi shi da waƙar Can't Help Falling in Love, tsohuwar tana zaune tana saurare. Babu hayaniya, babu tsalle. Waƙar ta fito ne daga cikin labarin, kuma ta nuna ladabin yaro a gaban babba. Sa mutum ya manta da damuwarsa na awa ɗaya da rabi sana'a ce mai wuya, kuma wanda ya wuni yana aiki ya biya kuɗin sinima yana da haƙƙin ya samu wannan hutun. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, muka kuma ga yadda waƙa take sayar da fim a Kano, ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Inda aka ɓata shi ne wajen maimaici da gaggawa. Shekara guda a fitar da fim har uku. Yau direban motar tsere ne, gobe matuƙin jirgi, jibi mai aikin kwalekwale, amma labarin bai canza ba. Darakta Norman Taurog shi kaɗai ya yi tara daga ciki. A Fun in Acapulco na 1963, labarin a Meziko yake, amma Elvis bai taka ƙasar ba, a Hollywood aka ɗauki wurarensa. Tickle Me na 1965 ko sabuwar waƙa ba a yi masa ba, tsofaffin faifai aka kwaso. Su kuma marubuta waƙa, sai wanda ya yarda ya sallama wani kaso na haƙƙinsa ga kamfanonin da ke tare da Elvis ake karɓar aikinsa, don haka gwanaye da yawa suka ja baya. Har ta kai a Double Trouble na 1967 an sa wannan murya tana rera waƙar yara ta gona a bayan motar kaji. Wannan abin takaici ne, kuma ina jin zafinsa. Wallis ɗin nan shi ya shirya Becket a 1964 da Richard Burton da Peter O'Toole, ya san fim mai daraja sarai, amma bayan King Creole bai sake ba Elvis irin wannan matsayi ba.

A tsakiyar wannan zamani akwai Viva Las Vegas na 1964. An haɗa shi da Ann-Margret, wadda ta iya rawa da waƙa, ta kuma tsaya masa kafaɗa da kafaɗa. Nan take ya farka. Fim ɗin na nishaɗi ne zalla kamar sauran, amma an kashe masa lokaci, an ba jarumin abokiyar karawa. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba barkwanci ko waƙa ne matsalar ba.

A shekarar ne kuma mawaƙan ƙungiyar Beatles suka sauka Amurka, kiɗan matasa ya sauya, shi yana can cikin situdiyo. Sai a watan Disamba na 1968, da ya fito a wani shiri na tashar NBC sanye da baƙaƙen kayan fata, da jita a hannu, 'yan kallo kewaye da shi, mutane suka tuna ko wane ne. A 1969 ya yi Change of Habit, ya rufe babin wasan fim.

Ɗalibai, musamman masu shirin shiga harkar fim, ina roƙonku ku nemi King Creole da Viva Las Vegas ku kalla, sannan ku kalli Double Trouble, ku gwada su da idonku. Ku kuma masu zuba jari da ke cikin wannan zaure, idan Allah Ya haɗa ku da mai baiwa, ku ba shi labari mai kyau, ku ba shi lokaci, ku biya marubucin waƙarsa haƙƙinsa cikakke.