Ɗan Kwaɗon Ciyawa da Rani

Jama'a, kowa ya san yadda kwaɗi ke yi in ruwa ya janye. Burduddugi da 'yan'uwansa sai su nutse cikin laka, su yi kwance har damina ta komo. To, yau zan ba ku labarin wani ɗan kwaɗo wanda ba ya bin wannan hanya.

Tsawonsa kamar inci ɗaya ne, watau bai fi gaɓar babban yatsanka ba. A bakin kowane yatsa nasa akwai wani ɗan faifai mai danƙo, da shi ya ke manne wa ganye. Namijin yana da jaka rawaya a maƙogwaro, ita ya ke hurawa da dare ya yi ta kira, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Mazauninsa fadamu da bakin tafkuna na ƙasashen ciyawa a Afirka ta Yamma, har da ƙasarmu. A shekarar 1875 wani masani Bajamushe, Peters, ya rubuta siffarsa, ya sa masa suna Hyperolius nitidulus.

Da damina macen kan zuba ƙwai cikin ruwa, su ƙyanƙyashe su zama talibambam. Iyayen kuwa ba su ganin wata damina, yawancinsu rani ke kashe su. 'Ya'yan ne ke ɗauke da zuriyar duka.

Ku dubi abin mamaki. Sa'ad da iska ta bushe, ɗan kwaɗon nan sai ya hau karan ciyawa, ya naɗe ƙafafunsa ƙarƙashin ciki, ya zauna cikin rana tsaka, wata da watanni. Ba ci, ba fitsari, gama ɗigon ruwa guda dukiya ne a gare shi. Dattin da ya kamata ya fita cikin fitsari, jikinsa kan mai da shi waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli cikin fata. In zafi ya tsananta sai ya zama fari fat kamar alli, hasken rana ya riƙa komawa baya. Wajen cinyoyinsa kuma akwai jar fata mai taushi, wadda ya ke ɓoyewa; ran da aka yi yayyafi, da ita ya ke tsotse ruwa nan da nan.

Rana ba ta iya masa, amma wuta tana iyawa. Wanda ya cinna wa ciyawar bakin fadama wuta don farautar gafiya, ya ƙone su tari. Ga shi kuwa ƙananan ƙwari ne abincinsu, har da sauro. Saboda haka in za ku ƙone daji, ku share ƙetara, ku bar ciyawar da ke gefen ruwa tsaye.