Zari-ruga: Wa Zai Tare Afirka ta Kudu?

Yau ƙwallon zari-ruga za mu taɓa, domin gasar cin kofin duniya ta 2027 a Ostareliya na ƙaratowa, kuma a karon farko ƙasashe 24 ne za su fafata.

Har yanzu Afirka ta Kudu ce gagarabadau. Sau huɗu tana ɗaukar kofin: 1995, 2007, 2019 da 2023. A na ƙarshen, da tazarar maki ɗaya tak ta fitar da Faransa mai masaukin baƙi, ta doke Ingila da maki ɗaya, ta kuma lallaɓa ta kayar da New Zealand da ci 12 da 11. Wasu na cewa sa'a ce. Ni ban yarda ba. Ku dubi yadda ƙartinsu takwas ke sunkuyawa, kafaɗa da kafaɗa, su ture abokan karawa baya kamar 'yan kokawa a dandali bayan girbi. Abin da zai iya kawo musu cikas shi ne shekaru, don kyaftin Siya Kolisi da tsararrakinsa sun fara manyanta.

Faransa da Ireland na da ƙarfi, amma ba wadda ta taɓa ɗaga kofin. A nan Afirka kuwa, Zimbabuwe ta doke Namibiya a Kampala a 2025, ta samu gurbin shiga gasar, wanda rabonta da shi tun 1991.

Najeriya fa? Ba ta taɓa zuwa ba, alhali Maro Itoje, kyaftin ɗin Ingila, iyayensa 'yan Najeriya ne. Samarin da ke kokawa a ƙauyukanmu suna da ƙirar wasan nan. Fili da mai koyarwa suka rasa.